Rokar Kailu da Tulun Habsa

Kailu Baushe maƙerin bindiga ne a wani ƙauye kusa da Filinge, mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai ya je Yamai sayen ƙarfe, ya ga wutar biki tana tashi sama tana fashewa. Wani soja ya ce masa sunanta roka. Da ita ya dawo gida a ransa, ƙarfen kuwa a tasha ya manta shi.

Ta farko da ya ƙera ta ƙone masa gira. Ta biyu ta kori akuyar maƙwabci har bakin rijiya. Daga nan ya shiga taitayinsa, ya kafa wa kansa doka: ba ya kunnawa sai a bayan gari, sai ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska ta nufa, kuma sai da tulu cike da ruwa a gefensa. Matarsa Habsa ce mai ɗebo ruwan, ba ta kuwa taɓa ɗebowa ba tare da mita ba.

Shekara goma sha uku yana wannan fama. Babbar rokarsa mai tsawon taɓarya ya gama ta ne a shekarar fari, shanu na faɗuwa a hanya. Duk garin ba abin da ya rage sai rumbu ɗaya na irin gero, wanda mai gari Na'Allah ya hana a taɓa ko da yara na kukan yunwa.

Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya tsaya cak, ya ƙi zuba. Jama'a suka cika ƙofar Kailu.

"Hito da abin nan naka ka halbi hadarin ga, ko shi hwashe!" in ji Na'Allah.

Kailu ya fito da rokar. Yau ga masu yi masa dariya suna roƙonsa. Ya kai ta bayan gari ya kafa, ya watsa ƙasa sama. Iska ta kwashe ta ta nufi rumbun nan, mai jinkar da ta bushe ƙamas.

"Ranka shi daɗe, iskar ga gari ta nuhwa. Irinmu wuta za ta ci."

"Kunna dai! In ba ka iyawa, ba ni ashana."

Kailu ya ga hannaye sun fara miƙowa. Ya sunkuci tulun ya juye ruwan kaf a kan albarushin. Habsa, wadda ta wuni a rijiya kafin ta cika shi, ta ɗora hannu a ka.

Hadari ya watse ba ko ɗigo. Aka zage shi, aka ce matsoraci ne. Shi kuwa ya zauna gaban jiƙaƙƙiyar rokarsa ya yi kuka, don ya san ba zai sake ƙera irinta ba.

Da damina ta zagayo aka buɗe rumbun, Na'Allah na auna wa kowa iri. Da ya zo kan Kailu bai iya haɗa ido da shi ba, sai dai ya ƙara masa tiya guda.