Ranar da Goggo Ta Shiga Ɗakin Kwamfuta

Ƙiiii-ƙirrr, ƙiiii-ƙirrr. Haka firintarmu take kuka idan tana bugu, kamar kafinta yana jan zarto a kan busasshen katako. Har yau ban taɓa jin ƙara mai kama da wannan ba face na tuna da wata Asabar ta bazara a Mubi, zamanin muna Jihar Gongola. Ku da kuka fara aiki kuka tarar da kwamfuta a kan kowane tebur, ana ajiye kofin shayi a gefenta, sai na ɗan bayyana muku yadda abin yake a lokacinmu, in ba haka ba za ku ɗauka ba mu da lafiya.

Kwalejinmu kwamfuta biyu gare ta da firinta ɗaya, duk a ɗaki guda. Ni ce mai sarrafa su, ƙaramar ma'aikaciya, ban daɗe da gama karatu ba. Shugaban sashenmu Mista Vandi ne, mutumin Michika, dogo, mai tsafta, wanda ya yi kwas a Legas ya dawo da dokoki a kansa. A Hausarsa kowane kaya namiji ne. Ba a shiga da takalmi. Ba a shiga da abinci ko ruwa. Ba a buɗe taga. Idan an tashi aiki a lulluɓe kowace na'ura da mayafinta. Babbar dokar kuwa ita ce ta jar fitila: idan ƙaramar fitilar gaban kwamfuta ta kama, alamar faifai yana juyawa ke nan, ba mai motsi, ba mai ɗaga murya har sai ta mutu. Ya ce taku ɗaya mai ƙarfi yana iya girgiza allurar da ke karanta faifan, aikin da aka sha wahala a kansa ya salwanta.

Sai kuma esi. Duk kwalejin ɗakinmu kaɗai ke da na'urar sanyi, shugaban kwaleji kansa fanka yake sha. Mista Vandi ya ce zafi shi ne ajalin kwamfuta, saboda haka esi ba ya hutawa ko da Asabar da Lahadi, har ƙaramin janareta aka ware masa. Makulli yana hannuna don in riƙa leƙawa.

Ina son ɗakin nan. Koren rubutu a kan baƙin allo yana yi mini kama da ciyawar farkon damina ta tsiro cikin duhu. Idan ba kowa, nakan rubuta wa kwamfuta ɗan shiri da zai sa taurari su riƙa zubowa daga saman allon, in zauna in kalla har in manta da abincin rana.

Amma idan an tashi aiki wani wuri nake nufa. A harabar ofishin gandun daji akwai 'yar damisa da ma'aikata suka ƙwace daga hannun masu fataucin fata a hanyar kan iyaka. Ƙa'idar ita ce a rubuta Yola, Yola ta turo mota a kai ta gidan namun daji. An rubuta. Motar kullum tana nan tafe mako mai zuwa. Mai kula da ita Baba Hamman ne, tsohon maharbi daga Wuro Patuji da ya koma gadin daji. Yana neman wanda zai taya shi ba ta madara a kwalba da wanke keji, ba biya ba komai. Sau ɗaya na gan ta na ce ni ce. Ba ta fi babbar kyanwa da yawa ba, amma tafin ƙafarta kamar an aro na wani. Baba Hamman ya sa mata suna Goggo, don tana kallon mutum kamar ya shigo gida bai yi gaisuwa ba.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Duwatsun da suka kewaye gari sukan sha rana su wuni suna mayar mana da ita. Kejin Goggo kuwa a ƙarƙashin rufin kwano yake. Ta kama zawo, ta daina shan madara, ta kwanta harshe waje, haƙarƙarinta na sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri. Muka jiƙa buhuna muka rufa mata, kafin ka juya sun bushe. Malamin dabbobi ya zo ya yi mata allura, ya ce, "Magani na ba ta, amma zafin nan ne zai kashe ta. In ba ta samu wuri mai sanyi ba, ba na jin za ta ga ruwan farko."

Baba Hamman ya ce, "Sanyi a Mubi a wannan wata? Sai dai cikin randa."

Na ce, "Baba, na san wani wuri."

Ranar Asabar Mista Vandi yakan tafi Michika sharar gona. Muka sa Goggo a kwalin takardun firinta, Baba Hamman ya ɗaure a bayan kekensa, ni ina biye ina riƙe da gefen kwalin. Da muka isa bakin ƙofa ya ja ya tsaya.

"Shiga ke kaɗai, 'yata. Damisa na san halinta tun ina yaro. Wancan abin mai koren ido ɗaya ban san me yake ci ba."

Ya tafi gindin dogon yaro ya zauna.

Na ajiye ta a ƙarƙashin tebur. Ta fito daga kwalin ta shimfiɗa cikinta a kan siminti mai sanyi, ta miƙe ƙafafu huɗu kamar fatar salla. A hankali numfashinta ya sauka. Wajen azahar na kai mata kwalba, ta shinshina, ta kama, ta shanye tas. Na zauna a ƙasa ina share hawaye da gefen ɗankwali. Ta yi barci, na koma kan taurarina.

Sai na ji an rufe ƙofar mota, na kuma ji muryar Mista Vandi. Ashe a tasha ya haɗu da Alhaji Buba, wani kansila daga Gella, wanda ya daɗe yana son ganin kwamfuta da idonsa, don ana maganar sayen ɗaya a ofishinsu. Mista Vandi kuwa ba ya iya ƙin mai son ganin na'urorinsa, ko da gona za ta jira. Na jefa kwalbar madara cikin jaka, na ja mayafin kwamfuta ya sauko ya rufe ƙarƙashin tebur, na zauna na haɗa gwiwoyi.

Alhaji da mutanensa biyu suka cire takalma a bakin ƙofa.

"Alwala ma za mu yi?" in ji Alhaji.

"A'a, ranka ya daɗe, takalmi kawai," in ji Mista Vandi.

Suka shigo suna ta sanya wa sanyin albarka. Mista Vandi ya karanta musu dokoki ɗaya bayan ɗaya, ya nanata ta jar fitila. Alhaji ya ɗaga hanci.

"Wani wari nake ji, kamar na wurin mafarauta."

Mista Vandi ya shaƙa, ya dube ni, ya dubi baƙinsa. "Haka na'ura yake wari idan ya yi aiki da yawa, ranka ya daɗe."

Al'adarmu ce duk babban baƙo a buga masa sunansa da manyan haruffa ya tafi da shi gida. Kowane harafi shafi guda yake ci, kuma shirin sai ya karanto shi daga faifai kafin ya buga, don haka jar fitila ba ta mutuwa sai an gama.

"Jummai, buga wa Alhaji sunansa. Ki sa duka, har da sarautarsa."

"Yallaɓai, firintar kamar ba ta jin daɗi yau."

"Jiya lafiyarsa ƙalau. Buga."

Na buga. Fitila ta kama, firinta ta fasa kuka. Daga baya Baba Hamman ya gaya mini kukan babbar damisa ma kamar jan zarto yake, wataƙila Goggo ta ɗauka uwarta ce ta zo. Mayafi ya motsa. Ta fito tana miƙa, lafiya ta fara dawo mata. Ta dubi takarda tana zubowa, ta kai mata mari. Sai ta hango abin da ya fi takarda: babban yatsan Alhaji, yana ɗan rawa a kan siminti saboda sanyi. Ta lallaɓa, ta yi tsalle, ta rungume idon sawunsa da ƙafafun gaba, ta cika baki da gefen babbar rigarsa.

Ɗaya daga cikin mutanen Alhaji ya buɗe baki zai yi ihu. Mista Vandi ya ɗaga hannu, ya yi raɗa, "Kada kowa ya motsa. Fitila yana kunne."

Wallahi ba wanda ya motsa. Manyan maza huɗu suka ƙame kamar an dasa su. Ni kaina na kasa tashi, dokar ta riga ta shiga jinina.

"Mista Vandi," in ji Alhaji a hankali, bai ko sunkuya ba, "wannan ma cikin kayan na'urar take?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To damisa ce."

"Na gani, ranka ya daɗe. Saura kaɗan ya gama."

Na yi raɗa, "Ba ta cizo sosai, Alhaji."

"Sosai?"

Firinta tana ta ja, ko sunan mahaifinsa ba ta kai ba, balle sarauta. Gumi yana zubo wa Alhaji cikin sanyin esi. Goggo ta saki riga ta fara lasar yatsansa da harshenta mai kaushi. Ya rufe ido ya ce, "Da na sani, da Buba kawai na ce."

Fitila na mutuwa na yi wuf na ɗauke ta. Kafin in ɗago ɗakin ya zama ba kowa sai ni da Mista Vandi. Ta taga na hango su suna tsalle a kan tsakuwa mai zafi, ba takalmi, riguna na tashi, har suka faɗa mota. Baba Hamman ya tattara takalman ya kai musu. Ya ce musu tsayuwar nan da suka yi ita ta cece su, da sun ruga da ta ɗauka wasa ne ta bi su da farce. Da Alhaji ya huce sai dariya ta kama shi, ya leƙo ta tagar mota ya ce in kowace kwamfuta da damisarta take zuwa, to Gella za ta ɗan jira.

A ciki kuwa ba dariya. Mista Vandi ya durƙusa ya tsinci gashi ɗaya daga ƙasa, ya ɗaga shi a haske.

"Jummai, kin san dokoki nawa kika karya?"

"Takalmi dai ba ta sa ba, yallaɓai."

Bai yi murmushi ba. Ya ce ranar Litinin zan amsa takardar tuhuma, yanzu kuma in fitar da ita. Na gaya masa abin da malamin dabbobi ya ce. Na rungume ta na buɗe ƙofa, zafi ya dake mu kamar an buɗe murhun gasa burodi. Goggo ta cusa kanta a hammatata.

"Tsaya," in ji shi.

Ya miƙa hannu waje, ya dawo da shi ciki. Ya sake miƙawa. Sannan ya tafi bayan ɗakin, inda muke da ɗan sito na ajiye kwalaye, ya tsaya a ciki yana auna ko sanyi na kaiwa can. Da ya fito sai ya kafa sababbin dokoki. A kawo ƙaramin keji a sa a sito. A rataye gidan sauro a ƙofar siton ya tare gashi. Madara a waje za a ba ta. In goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma safe da yamma. Ruwan farko na sauka ta koma inda ta fito.

"Takardar tuhumar fa, yallaɓai?"

"Zan rubuta. Doka doka ne."

Ya kuwa rubuta. Ni na buga ta a kwamfuta, tunda ni ce mai bugu, na sa hannu na karɓa, na koma na buga amsa. Ya karanta, ya gyara mini waƙafi biyu, ya yi mini gargaɗi a rubuce.

Goggo ta zauna a sito har aka yi ruwa. Malaman da suka saba fakewa da tambaya su shigo shan sanyi duk suka ɗauke ƙafa, Mista Vandi ya ce bai taɓa ganin ɗakin da tsafta haka ba. Lokacin da motar Yola ta iso, Goggo ta fi ƙarfin kwali, sai da maza suka ɗaga kejin. Mista Vandi ya zo sallama, ya tsaya can nesa hannu a aljihu.

Abin da na koya shi ne kada ku yi saurin raina mai tsananin doka a wurin aiki. Mutumin da zai tsayar da kansila da damisa a ƙafarsa saboda faifai, abin da aka ba shi amana ne ba ya wasa da shi, kuma ranar da Goggo ta shiga cikin amanarsa haka ya riƙe ta.

Bayan shekaru, Gongola ma ta zama tarihi, wani injiniya ya zo daga Yola zai canza mana na'urori. Ya dubi tsoffin kwamfutocin, ya dubi esi, ya yi dariya. Ya ce manyan na'urori irin na da, masu cika ɗaki, su ne suke buƙatar sanyi. Irin namu ƙanana, fanka da inuwa sun ishe su. Duk shekarun da muka yi muna tayar da janareta, Goggo ce kaɗai a ɗakin nan da ta taɓa buƙatar esi.