Gugar Motar Bature

Ni baduku ne a Ƙofar Rini, kuma a lokacin ina da baki. Jar fatar da ta bi ta hannuna, in ka duba za ka ga fuskarka. Wannan alfaharin ne ya kai ni ga abin da har yau nake jin kunyarsa.

Shekarun da motoci suka fara shigowa Sakkwato, mijin ɗiyata ya samu aikin tuƙa wani Bature. Aikin da babu irinsa ne a unguwarmu, da shi yake ciyar da gidansa da tsohuwarsa. Wata rana bayan la'asar ya tsaya da motar a ƙofar gidana don ya gaishe ni. Sai na ga ƙaya ta ja mata dogon zane a gefe. Ya ce a hanyar ƙauye ne, kuma yana da wani mai na gwangwani da zai shafa a hankali.

Na yi dariya, na ce wane gwangwani kuma, ga ni zaune? Na ɗauko dutsen da nake goge fata da shi, da ɗan man shanu.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wanga ba fata ba ne."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Suruki ba ya riƙe hannun uban matarsa, balle a gaban maƙwabta. Na sani sarai, kuma da wannan kunyar tasa na yi amfani. Na danna dutse na yi ta guga. Zanen ya ɓace kam, amma tare da fentin ya tafi. Wuri kamar faɗin faifai ya koma farin ƙarfe, maiƙo yana nasowa.

Washegari na bi shi gidan Bature da niyyar faɗin gaskiya. Baturen ya zagaya motar, ya sa tafinta ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Ina tsaye sai na ji surukina ya ce, "Ni ne."

Ranar aka sallame shi, ya koma noman gero. Shekara da shekaru yana zuwa duk Juma'a, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba, ɗiyata ma ba ta sani ba har ya rasu. Da ya zage ni, da na samu sauƙi.