Hayatu da Sunan Kafaran

Hayatu mai gyaran moto ne a bakin tashar Agiye, ƙarƙashin wata rumfar kara da ke yoyo duk damina. Wanda ya gan shi da baƙin mai har gwiwar hannu ba zai ce yana da wani aiki bayan wannan ba. Amma cikin akwatin kayan aikinshi, ƙarƙashin ƙarafa da tsumma, akwai wani kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakol, da ya naɗe cikin leda biyu. Shekara goma sha ɗaya yana yawo da shi.

Garinsu Rijiyar Soja, arewa da Agiye. Sojoji bakwai suka kafa shi. Da aka gama babban yaƙin Nasara aka sallame su, suka dawo da takalma da bargo da tari, sai suka sari daji wuri guda, suka gina rijiya, suka zauna. Yau gidajen garin sun fi ɗari biyu. Su ne ke cikin kayen Hayatu: kowane soja da wurinshi, ubanshi, kakanshi, garin da ya fito, matan da ya aura, ƴaƴa da jikoki har jaririn da aka yi wa suna makon jiya. Wuraren sojoji shida duk sun cika, har rubutu ya hau gefen takarda. Na bakwai ne ya ƙi, kuma shi ne na kakan Hayatu, Jaye, wanda ake ce wa Kafaran saboda muƙaminshi na soja.

Abin ya faro ne a wani taron suna. Maroƙi ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana jero masu kakanni, wane ɗan wane jikan wane na gari kaza. Da ya iso kan Mumuni, uban Hayatu, ya ce ɗan Kafaran, sai ya tsaya. Makaɗi ya ɗan buga ya jira, babu abin ƙarawa. Wani daga baya ya ce ai su Kafaran daga motar soja suka faɗo. Aka yi dariya, Mumuni ma ya yi. Amma a hanyar gida ya ce wa Hayatu shi dai kafin Allah ya ɗau ranshi yana so ya san ko jikan wane ne shi. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba.

Hayatu ya ɗauka aikin mako biyu ne, tunda akwai karnen soja na Kafaran, ɗan littafin da gara ta ci wa baki, kuma a ciki an rubuta ɓaro-ɓaro: Jaye ɗan Usmanu, Kukar Bube, gabas da Gazawa. Ya hau moto ya tafi. Mutanen Kukar Bube suka karɓe shi da fura, suka ce ƙwarai sun san Jaye ɗan Usmanu, suka kai shi har kabarinshi. Jayensu bai taɓa riƙe bindiga ba. A garinsu ya tsufa, a ɗakinshi ya cika, jikoki kewaye da shi. Wani tsoho ne ya ja Hayatu gefe ya gaya mashi yadda ake yi a lokacin. In Nasara suka ce gari ya kawo samari, mai hali ba ya ba da ɗanshi. Sai a nemi wani baƙo da ke ƙwadago a gona, a ce mashi daga yau kai ne wane ɗan wane, a tura shi. Da Hayatu ya tambayi sunan baƙon, tsohon ya ce shi dai ya ji ana cewa dogo ne.

Daga nan wahala ta fara. Duk inda aka ce akwai ɗan tsohon soja mai ajiyar takardu, Hayatu ya je. Tibiri, Sae Sabuwa, Cadakori ranar kasuwa, wani buro na gwamnati a Maradi inda aka yi mashi kirki aka buɗe mashi babban littafi, ya ga sunan Jaye ɗan Usmanu dai a zaune yana jiranshi. Ya zauna da dattawan da ba su ji sai an yi ihu, ya sha labarin jirgin ruwa da sanyin Faransa har ya haddace. Masu kawo mashi gyara suka gaji da tarar da rumfa a rufe, rabi suka koma wurin wani. Matarshi Farida ta daina tambayar ina za shi, sai dai ta ɗaura mashi ƙullin gari a bayan moto. Bayanshi ya fara ciwo, furfura ta fito mashi a gemu. Shi kuwa Mumuni ƙafafu suka kumbura, ya bar gona, ya bar masallacin Juma'a, ya koma kan tabarma a zaure. In Hayatu ya dawo daga tafiya, tsohon ba ya tambaya. Fuskarshi kawai yake dubawa, sai ya ce sannu da hanya.

Bara da kaka, ana cikin ɗaurin gero, Hayatu ya je Gidan Rumji, tafiyar da ya ce ita ce ta ƙarshe. An ce mashi akwai akwatin ƙarfe cike da takardu. Ya tarar ɓera ya riga shi. A hanyar dawowa sarƙar moto ta tsinke, shi mai gyara ba shi da ta canji, ya tura ta da ƙafa har ya samu amalanken da ya ɗauke su. Ya iso Rijiyar Soja bayan la'asar, kuma ya kasa shiga zauren ubanshi da wannan fuska. Sai ya zagaya ta baya, ɗakin Kaka Mairo.

Kaka Mairo ita ce matar Kafaran ta ƙarshe, wadda ya aura bayan rasuwar uwar Mumuni. Ta haura tamanin. Duk garin an san ta da abu ɗaya: rashin kunya. Macen kirki ba ta kama sunan mijinta, ko da wani ne daban mai irin sunan. Ita kuwa tun tana amarya take cewa Jaye gatsau, Jaye ya tafi gona, Jaye bai ci tuwo ba, mata na rufe baki. Saboda haka ba a taɓa kiranta yi wa amarya faɗa ba, kuma Hayatu bai taɓa tunanin buɗe kayenshi gabanta ba. Maganar asali ta maza ce da takarda, haka ya ɗauka.

Ya same ta kan turmi a kife, Dija yayarshi na tsefe mata kai. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, irin wasan kaka da jika, ta ce, "Maigidana ya dawo. Me ka kawo mani, ko yau ma ƙurar hanya ce tsarabar?"

"Ke da ba ki da haƙori, me za a kawo maki?" in ji shi. Ya zube kan tabarma bai ko cire takalmi ba.

Suna nan sai ga ƙarar amalanke a waje. Mudi ne, maƙwabcinsu, wanda ke kawo mata ruwa da kara shekara da shekaru. Ta ce wa Dija ta leƙa ta kira mata mai shanun nan. Dija ta yi dariya ta ce, "Kaka, mutumin nan tun yana saurayi yake maki wahala, ko sau ɗaya ban ji kin ce Mudi ba. Ke da ba ki bar na mijinki ba, na maƙwabci ne ya fi ƙarfinki?"

Tsohuwar ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Ni ba mahaukaciya ba ce."

Dija ta fita kiran Mudi, ba ta kawo komai a ranta ba. Hayatu ne ya tashi zaune. A ranshi ya bi duk Mudin da ke garin. Mudi na gidan liman, Kaka na ce mashi ɗan malam. Mudi mai aski, tana ce mashi wanzami. Wani jariri ma da aka raɗa wa sunan, ta ce a ba ta mai kumatun nan ta gani. Ya matso kusa da turmin, ya bar wasa.

"Kaka, mijinki Mudi ne sunanshi?"

Ta ƙara jan gyalen, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya ta sunkuyar da kai kamar amaryar jiya. Can ta ce ita dai ba ta faɗa ba, shi ya faɗa. Ta ce Jaye ai rigar aro ce da aka sa wa mutumin, don me za ta ji kunyar sunan wani ƙato da ba ta taɓa gani ba? A makon aurensu ya gaya mata komai. Daga wani ƙauye yake wajen Kaita, can hayin iyaka, ya zo ƙwadagon damina aka tura shi. Ya ce kada ta faɗa wa kowa, in Nasara suka ji ya sa kakin sojansu da sunan wani za su ɗaure shi.

Hayatu ya ce Nasara ai sun tafi tun ba a haife shi ba. Ta ce shi mutumin bai dawo ya ce mata ta faɗa ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana yawo a gabanta. Ta ce ta gan shi yana wucewa da ledarshi, ko sau ɗaya ya tsaya ya tambaye ta?

Sai Hayatu ya tambayi abin da ya fi damunshi, sunan uban Kafaran. Nan ma ta ce ba da bakinta ba, suruki ne. Ta nuna zaure da haɓa, ta ce, "Ga shi can kwance kan tabarma da kumburarrun ƙafafu. Mutumin ya mayar wa ɗanshi na fari da sunan ubanshi."

Ba wanda ya taɓa lura, don ɗan fari dama ba a kiran sunanshi. Kafaran har ya mutu yaron nan yake ce mashi, ita kuma Babba.

Hayatu ya cire takalmi ya shiga zaure. Mumuni ya dubi fuskarshi kamar kullum, ya buɗe baki zai ce sannu da hanya, sai ya fasa. Hayatu ya durƙusa ya ce, "Baba, kai ɗan Mudi ne, Mudi ɗan Mumuni, mutanen wajen Kaita."

Tsohon ya sa ya maimaita, ya sake sa shi ya maimaita. Ya faɗi sunan da kanshi a hankali, yana taɓa ƙirji. Sai kuma ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo ruwa. Da ya samu numfashi ya ce wannan Jaye ya ci banza sau biyu: an je mashi yaƙi, sannan shekara arba'in duk bayan salla shi ake yi wa addu'a, uban gaske na can yana jira. Dija da ke bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse, maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu.

Ran Juma'a aka yi sadakar gumba da sunan Mudi ɗan Mumuni. Mumuni ya ce a ɗora shi kan amalanke a kai shi masallaci, ya ji liman ya faɗi sunan da kunnenshi. Matan gari suka yi ta shiga wurin Kaka Mairo suna ba ta haƙuri, ta ce su bari, yanzu ko an kira ta yi wa amarya faɗa ba ta da ƙafar zuwa.

Hayatu ya ɗauki alƙalamin bik ya cika wuri na bakwai. Bai soke Jaye ba, ya bar shi a gefe da ƙaramin rubutu, tunda da shi mutumin ya sha wuta. Ya ce wa ubanshi in ya gyara sarƙar moto zai tsallaka ya nemo ƙauyen, ƙila akwai dangi.

Mumuni ya ce, "A'a. Abin da na tambaya ka kawo mani. Ka je ka buɗe rumfarka, ka bar bayanka ya huta."

Hayatu ya kwana biyu bai fita ko ƙofar gida ba, Farida na hana yara hayaniya. Ran Litinin ya koma tashar Agiye, ya tarar moto uku na jiranshi. Ya sa kayen cikin ledarshi biyu ya mayar ƙasan akwati, ya jawo ɗan kujerarshi ya zauna yana dafe da baya, ya ce wa mai ta farko ya matso da ita.