Mai Faci Ta Ajiye Almakashi

Kafin ta manna filasta, sai ta zagaye kusurwoyinta da almakashi, don kada riga ta kama ta ɓalle. Da wannan take fara aiki kullum a ɗakin masu ciwon jijiya, tun mai shara bai gama goge ƙasa ba.

Ma'aikaciyar jinya ce. Aikinta manna wa masu ciwon karkarwa da farfaɗiya wata 'yar na'ura kamar maɓalli a dantse, wadda ke auna maganin da ya rage a jikinsu ta aika wa wayar likita. Marasa lafiya suka laƙaba mata Mai Faci, wai ta fi mai gyaran taya iya liƙi.

Hannu mai rawa ba ya tsayawa a manna masa komai. Wasu danne shi suke yi. Ita kuwa takan ɗora shi a kafaɗarta, ta bi rawar har ta samu sa'a.

Akwai wani tsohon tela da ya ƙi yarda.

"Wannan 'yar gulmar za ki liƙa mini, ta riƙa kai ƙarata wurin likita?"

"Baba, in ka sha maganinka, me za ta faɗa?"

"Za ta ƙara gishiri!"

Da lallashi ya miƙa hannu. Ashe tun kafin yamma maganin ke ƙarewa a jikinsa. Aka sauya masa lokacin sha, ya koma yana zura zare a allura da kansa.

Shi ne kuma ya fara lura, bana, lokacin da ya zo a sauya masa na'ura. Ya daɗe yana kallon yatsunta, sannan ya rage murya.

"'Yata, hannun nan naki ya fara irin nawa."

Ba ta musa ba. Da ta so, da ta ɓoye shi a aljihu ta ƙara shekara a bakin aiki. Amma ranar da almakashi ya kusa yankar wata yarinya, da ƙafarta ta je ta gaya wa shugabarta ta ajiye aiki.

Mai Faci, ke ce kafaɗar masu rawar hannu. Ke ce ba ki taɓa ce wa mara lafiya ya tsaya cik ba, don kin san da zai iya da bai zo ba. Mun gode, Allah Ya saka miki. Masu tasowa, ku koyi haƙurin nan tun akwai mai koya muku.

A walimar bankwana aka cika mata kofin shayi har baki. Ta dube shi, ta dubi jama'a, ba ta ɗauka ba. Likita na tsaka da jawabi ta rataya jakarta, ta bi ta ƙofar baya.