Ranar da Aka Cire wa Yayana Turu

Ko yanzu da furfura ta rufe mini kai, ban manta ranar da aka cire wa yayana turu ba, kuma ba na jin zan manta.

Masaƙi ne a Kangire, a zamanin da ake rufe ƙofar gari tun rana ba ta faɗi ba saboda mahara. Mutum ne mai fara'a, shi ke rarrashina bayan rasuwar innarmu. Sai ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, suna ce masa an zuba masa guba a tuwo. Ya daina ci, ya daina wanka, wata rana ya kifar da tukunyar miya. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, ƙarshe Baba ya sa shi a turu a bayan rumbu, ƙafarsa a maƙale cikin gungumen itace. Ni ke kai masa abinci, in tura akushin da sanda in gudu. Har yau abin na cina a rai.

Watansa biyu a haka Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Sara. Ta ɗauki akushin ta zauna dab da shi a ƙasa.

"Me suke ce maka yau?" ta tambaye shi.

"Sun ce kar in ci."

"Ni dai ba na jin su, amma na ga suna wahalar da kai. Bari in fara ci ka gani."

Ta yi loma biyu yana kallo. Can ya miƙo hannu ya fara ci. Da ya ƙoshi ta wanke masa gyambon ƙafarsa da ruwan ɗumi, ta dubi Baba.

"Ciwo ne, ba laifi ya yi ba. A cire."

"In ya ji wa wani rauni fa, Yaya?"

"Ina nan, ba inda za ni."

Da aka cire, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ƙanwata, kin rame." Na fashe da kuka.

Bai taɓa warkewa sarai ba. Muryoyin su tafi su dawo, amma ya koma saƙarsa, muna hira a gindin tsamiya, har zazzaɓi ya yi ajalinsa wata damina. Da za a ba ni yini guda da shi, ko a cikin ranakunsa marasa daɗi ne, da na karɓa hannu biyu.

Abin da na koya shi ne, mai taɓin hankali yana nan a cikin ciwonsa, yana ji yana gani. Kada ka yi masa gardama, kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ka guje shi. Ka zauna kusa.