Muryar Yaya Lasifika

Yayana malamin lissafi ne, kuma tun muna gida ake ce masa Lasifika. Ba laifinsa ba ne. Shekara goma sha bakwai ya yi yana koyar da aji mai yara casa'in, tagogi babu ƙyaure, ga injin niƙa a bayan katanga. Wanda ya yi gasa da injin niƙa har ya kayar da shi, ai ka san ba zai iya raɗa ba.

Da ya samu aikin koyarwa a ƙasar waje, wurina ya sauka, don na riga shi zuwa, ina tuƙa bas. Wata uku aka ba shi na gwaji. In ya ci, ya ɗauko matarsa da yara huɗu. In ya faɗi, ya tattara ya koma, alhali ya ajiye aikinsa na gida, har an yi masa bankwana da jawabai.

Ajin da aka ba shi yara sha huɗu ne kacal, ƙasa kafet, bango katako siriri. Ranar farko ya ce, "Ku buɗe shafi na tara!" Wallahi aji uku ne suka buɗe. Malamar tarihi ta leƙo da jakarta a hannu, wai ta zaci gobara ce.

Sati na biyu shugabar makaranta ta kira shi ofis. Ta ce iyaye sun kawo ƙara, wai kullum cikin fushi yake da yara.

"Ni? Fushi?" in ji Yaya. "Ranki ya daɗe, yaba musu fa nake yi!"

A waje sakatare ya ɓarar da shayinsa.

Shugaba ta ce ƙarshen wata za ta zo ta zauna a ajinsa, daga nan a san abin yi. Ranar Yaya bai iya cin abinci ba. Ni ma hankalina ya tashi, ina tsokanarsa ne kawai don kar ya gane.

Muka shiga horo. Shi yana falo yana koyar da kujeru, ni ina kicin da cokali. Da zarar karen maƙwabta ya yi haushi sai in buga tukunya, a sake daga farko. Har ya gwada sabuwar muryar a waya. Matarsa ta ce, "Baban yara, tsakaninka da Allah, asibiti kake ko kama ka aka yi?"

Ranar ta zo. Shugaba ta zauna a baya da littafinta, Yaya ya fara darasi ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa. Minti goma lafiya lau, sai wata yarinya a layin ƙarshe ta ɗaga hannu. Ƴar shiru-shiru ce mai na'urar ji a kunne, ba ta taɓa tambaya ba.

"Malam, laifin me muka yi maka?"

"Babu komai," ya raɗa.

"To ka dawo da muryarka. Shekara uku ina makarantar nan ina kallon bakin malamai ina cintar abin da suke faɗa. Kai kaɗai nake ji tun daga farko har ƙarshe."

Shugaba ta dubi yarinyar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta rufe littafin. Ta ce, "Malam, yi yadda ka saba."

Washegari aka mai da ajinsa can ƙarshen baranda, kusa da ɗakin kiɗa, aka kuma ce ya kawo takardun iyalinsa.

Shi ya ba ni duk labarin da ya dawo, yana tsaye a kicin ko jaka bai ajiye ba. Da ya zo kan maganar yarinyar sai na ga baki yana motsi, ido ya cika, sauti ya ƙi fitowa. Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa faɗar wannan ba, amma ranar sai da na ce, "Yaya, ɗaga murya, ban ji ba."