Ƙudajen Mangwaro da Idon Baba

Duk lokacin mangwaro, ɗakin Innarmu a Tafoki cika yake yi da 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido. Ba ta ɓata ƙarfinta da mafici. Sai ta rufe ƙofa, ta buɗe taga ɗaya, ta koma bakin murhu. Kafin ta kwashe tuwo duk sun bi haske sun fice.

Wani hutu ƙanwata da ke karatun kimiyya a jami'a ta ga haka. Ta ce ai irinsu suke bincike a kai, kuma bin hasken nan gado ne. Akwai waɗanda ake ƙyanƙyashewa da tangarɗa: idon lafiya lau a gani, amma saƙon haske ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa.

Ni haushi ma ya kama ni. A rasa abin karantawa sai ƙuda!

Baba na zaune kan tabarma yana jinmu. Dundumi gare shi, da magariba ta yi ba ya gani, kuma haka mahaifinsa ya yi fama. Ya daɗe yana kallon tagar, sannan ya ce wa ƙanwar tawa, "Ki riƙe ƙudajen nan da kyau, uwata. Jikokina na tafe."